Sharhi kan hidimar "Gida Tukuna" ta birnin Helsinki

Hidimar da birnin Helsinki, babban birnin ƙasar Finland, yake yi wa mutanen da suka daɗe babu muhalli ba ta da wuyar bayani. Ana ba mutum gidan haya na dindindin, da yarjejeniya mai ɗauke da sunansa, da makullin da zai riƙe a hannunsa, ba tare da an gindaya masa sharaɗin sai ya daina shan barasa ko ƙwaya, ko sai ya fara karɓar magani, ko sai ya nemo aikin yi ba. Bayan ya tare ne ake haɗa shi da ma'aikatan da za su dafa masa gwargwadon buƙatarsa. Wannan shi ne tsarin "Gida Tukuna", wanda ya zama manufar gwamnatin Finland tun shekarar 2008, kuma Helsinki ce ta ɗauki kaso mafi tsoka na aikin, domin a lokacin ita da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita ne suke ɗauke da mafi yawan marasa muhallin ƙasar.

Jaridun duniya sun yi ta yabon wannan hidima har yabon ya fara danne bayanin yadda take aiki, shi ya sa na ga ya dace a auna ta kamar yadda ake auna kowace hidima da ake yi wa jama'a da kuɗin jama'a, a duba abin da ta yi alkawari, da abin da mai amfani da ita yake samu, da abin da ake kashewa, da kuma waɗanda aka bari a waje. Hukuncina shi ne, a kan ainihin alkawarinta na fitar da mutum daga kwanan titi da zaman masauki zuwa gidan da zai daɗe a ciki, ta yi wa duk tsarin da ya gabace ta nisa. Sai dai tana da rauni a wurare biyu da ba a cika ambata ba, wato kafin mutum ya karɓi makulli da kuma bayan ya rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai, kuma ginshiƙan da take tsaye a kansu ba a hannun ma'aikatanta suke ba.

Ba za a san darajarta ba sai an san abin da ta maye gurbinsa. A Helsinki sanyin hunturu yakan kai maki 20 ƙasa da sifili, saboda haka kwanan waje a can magana ce ta rai da mutuwa. A ƙarshen shekarar 1967, bayan sanyi ya hallaka mutane da dama da ke kwana a waje, an buɗe masaukin gaggawa a wani tsohon ɗakin ajiyar fenti da ke yankin Ruoholahti, inda ɗaruruwan maza suka riƙa kwana a cunkushe, kuma wurin da aka buɗe a matsayin na wucin gadi bai rufe ba sai a 1979. Lokacin da aka fara ƙidayar marasa muhalli ta ƙasa a 1987, an samu kimanin mutum 18,000. Gina gidajen haya masu rahusa da sayen wasu ya rage adadin da fiye da rabi cikin shekaru ashirin da suka biyo baya, amma akwai rukunin da ya ƙi motsawa, wato mutanen da rashin gida ya haɗe musu da shaye-shaye, ko larurar ƙwaƙwalwa, ko bashi, ko zaman gidan yari, sau da yawa ma duka a lokaci guda.

Abin da ake yi wa wannan rukuni a da shi ne tsarin hawa-hawa. Mutum zai fara daga masaukin dare, idan ya nuna natsuwa a kai shi cibiyar daina shaye-shaye, daga nan zuwa gidan haɗaka da ake sa masa ido, sai a can ƙarshe, idan bai yi tuntuɓe ba, a ba shi gida nasa a matsayin lada. A takarda tsarin yana da ma'ana, amma a aikace yana neman abu mafi wuya daga wanda ya fi kowa rauni, a cikin yanayi mafi muni. Ana so mutum ya rabu da barasa alhali yana kwana ɗaki ɗaya da masu sha, ana so ya riƙa shan maganinsa a kan lokaci alhali ba shi da inda zai ajiye maganin, gari na wayewa kuma a sallame shi ya yi ta yawo har dare. Wanda ya zame sai ya koma matakin farko. Da yawa sun shafe shekaru suna zagaye tsakanin masauki da asibiti da ofishin 'yan sanda da kurkuku, ana kashe musu kuɗi masu yawa ba tare da wani abu ya gyaru a rayuwarsu ba.

A 2007 ministan gidaje na lokacin, Jan Vapaavuori, wanda daga baya ya zama magajin garin Helsinki daga 2017 zuwa 2021, ya naɗa kwamitin mutum huɗu domin ya duba lamarin. A cikinsu akwai shugaban sashen walwalar jama'a na Helsinki, Paavo Voutilainen, da bishop na birnin, Eero Huovinen, da shugaban Gidauniyar Y mai samar wa marasa muhalli gidajen haya, Hannu Puttonen, da likita kuma ɗan siyasa Ilkka Taipale, Juha Kaakinen kuwa shi ne sakatare. Shawararsu ita ce a juya tsarin, gida ya zama mafarin gyara maimakon ladansa. Daga nan aka fito da shirin PAAVO na farko, daga 2008 zuwa 2011, da burin rage masu dogon zama babu muhalli da rabi, sai na biyu daga 2012 zuwa 2015 da burin kawar da matsalar baki ɗaya, sai wani shirin daga 2016 zuwa 2019 da ya mai da hankali ga rigakafi. Tunanin ba a Finland kaɗai ya tsiro ba, domin tun 1992 masanin halayyar ɗan Adam Sam Tsemberis ya fara irinsa a birnin New York na Amurka. Bambancin shi ne a Finland gwamnatin ƙasa da manyan birane sun sanya hannu a kan yarjejeniyoyi masu ɗauke da adadin gidajen da za a samar da kuɗin da kowa zai zuba, ƙungiyoyin agaji suka shigo a matsayin masu gudanarwa, kuma gwamnatocin da suka biyo baya, na dama da na hagu, sun ci gaba da shirin.

Abin da mai shiga hidimar yake samu ƙaramin gida ne, galibi ɗaki guda mai kicin da banɗaki, kuma dokar hayar da ke kare kowane ɗan haya a ƙasar ita ce ke kare shi. Yana biyan haya kamar kowa, daga fanshonsa ko ɗan abin da yake samu, hukumar inshorar jama'a ta Kela kuma tana cike giɓin da tallafin haya da na masu ƙaramin ƙarfi. Wannan batu na biyan haya yana da girma a wurina, domin shi ne ya raba ɗan haya da wanda ake yi wa alfarma. Ɗan haya ba a tashinsa sai da dalilin da doka ta yarda da shi, yana iya kulle ƙofarsa ya kwanta a lokacin da ya ga dama, yana da adireshin da zai rubuta a takardar neman aiki ko ta banki, yana da inda 'ya'yansa ko 'yan uwansa za su same shi idan zumuncin da ya yanke ya fara dawowa. Akwai kuma nauyi a wuyansa, domin idan ya tara bashin haya, ko ya addabi maƙwabta, ko ya yi tashin hankali, zai iya rasa gidan. Abin da aka cire kawai shi ne shan barasa a cikin ɗakinsa ya zama dalilin korarsa.

Gidajen iri biyu ne. Akwai waɗanda suke warwatse a cikin benaye na yau da kullum, inda maƙwabta ba lallai su san tarihin sabon ɗan hayar ba, ma'aikacin tallafi kuma yana kai masa ziyara lokaci-lokaci. Akwai kuma cibiyoyin zama, wato bene guda mai gidaje da yawa, kowa da nasa, da ma'aikata a wurin dare da rana. Aikin ma'aikatan ba na wa'azi ba ne. Suna taimakawa wajen cike takardun Kela, da tsara biyan bashi, da rakiya zuwa asibiti, da koya wa wanda ya shekara goma bai riƙe gida ba yadda zai dafa abinci ya share ɗakinsa ya biya kuɗin lantarki.

Misalin da ya fi nuna abin da aka yi shi ne ginin da ke lamba 25 a titin Alppikatu. Shekaru da dama ƙungiyar agaji ta Salvation Army tana gudanar da masaukin maza mai gadaje kusan 250 a wurin, ɗakuna na haɗaka, babu sirri, babu tabbacin gobe. An gyara ginin aka sake buɗe shi a 2012 a matsayin gidaje 81, kowanne da ƙofarsa. Wanda ya dubi lissafin zai ga kamar an yi asara, tunda wuri mai ɗaukar 250 ya koma mai ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na hakan, kuma lallai da ba a samar wa sauran gidaje a wasu wurare ba da asarar ce. Amma alƙaluman birnin sun nuna an samar. A 1985 Helsinki tana da gadajen masauki 2,121, a 2008 sun koma 558, a 2016 kuwa saura 52. A tsakanin 2008 da 2016 gidajen cibiyoyin zama masu tallafi sun ƙaru daga 552 zuwa 1,309, gidajen haya masu zaman kansu da aka ware wa marasa muhalli kuma sun kai 2,433.

A nan ne nake ganin babbar hikimar hidimar take, kuma a nan ne masu kwaikwayonta suka fi kaucewa. Birane da yawa sun buɗe ɗan ƙaramin shirin "Gida Tukuna" na gwaji a gefe, suka bar manyan masaukansu suna ci gaba da aiki, sai shirin ya zama ado, masaukan kuma suka ci gaba da cinye kuɗin da hankalin ma'aikata. Helsinki ta rufe masaukan nata, ta mai da gine-ginen gidaje, ta sake horar da ma'aikatan da suka saba da aikin gadi da bin doka su koma aikin tallafi. Da zarar an yi haka, birni ba shi da wurin da zai ajiye mutum ya manta da shi. Masauki yana ba hukuma damar cewa ta yi wani abu alhali mutumin yana nan babu gida, kuma wanda ya shekara biyar a gadon masauki har yanzu marar muhalli ne, ko da ba a ganinsa a titi.

Duk wannan ba zai yiwu ba da babu gidajen da za a bayar, kuma a wannan fanni Helsinki tana da abin da birane kaɗan suke da shi. Birnin ne ya mallaki kusan kashi biyu cikin uku na filayen da ke cikin iyakarsa, kamfaninsa na gidaje mai suna Heka yana da gidajen haya fiye da 50,000, kuma tun da daɗewa yana bin manufar cakuɗa gidajen masu rahusa da na masu hali a unguwa ɗaya domin kada talauci ya taru a wuri guda. Ga kuma Gidauniyar Y, wadda aka kafa a 1985 da haɗin gwiwar manyan birane, da cocin Lutheran, da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar, da ƙungiyoyin masu gini da na ma'aikatan gini. Ta fara ne da sayen ƙananan gidaje ɗaiɗai daga kasuwa tana bayar da su haya ga marasa muhalli, yanzu kuwa tana da gidaje fiye da 18,000, tana cikin manyan masu gidajen haya na ƙasar. Hukumar ARA ta gwamnati ta riƙa bayar da rance mai sauƙin ruwa da tallafin da kan kai rabin kuɗin gini ga gidajen masu buƙata ta musamman, wani kaso na kuɗin sayen gidajen kuma ya fito ne daga ribar na'urorin caca da ke ƙarƙashin ikon hukuma. Wannan na ƙarshe abu ne da nake da ja a kansa, domin masu ƙaramin ƙarfi suna cikin waɗanda caca ta fi cinye wa kuɗi, kuma bai dace a gina taimakon wasu mabuƙata a kan asarar wasu mabuƙatan ba.

Sakamakon a bayyane yake. A 2008 marasa muhalli da ke zaune su kaɗai, ban da iyalai, a Finland sun kusa 8,000, a 2023 sun koma 3,429, masu dogon zama a cikinsu kuma sun ragu daga kimanin 3,600 zuwa kimanin 1,000, a daidai lokacin da adadin yake hauhawa a mafi yawan ƙasashen Turai. A Helsinki kanta adadin ya sauko daga fiye da 1,500 a 2019 zuwa ƙasa da 800 a 2023, a birnin da mazaunansa suka haura 650,000. Kimanin mutum huɗu cikin biyar na waɗanda aka ba gida suna riƙe shi. Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karanta alƙaluman ya sani. Helsinki ta sauya hanyar ƙidayarta a 2018, don haka ba a kwatanta lambobin kafin wannan shekara da na bayanta kai tsaye. Sa'an nan ƙidayar Finland tana haɗawa da masu raɓe na ɗan lokaci a gidajen 'yan uwa da abokai, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na jimillar, abin da ƙasashe da yawa ba sa ƙirgawa, kuma wannan ya sa lambobin suka fi na wasu ƙasashen gaskiya.

A batun kuɗi, an fi ambaton cewa ba mutum guda gida yana rage wa hukuma kashe kimanin Yuro 15,000 a shekara, saboda raguwar zuwa sashen gaggawa na asibiti, da kwanciya a asibiti, da kamun 'yan sanda. Wannan adadi ya fito ne daga nazarin wata cibiya a birnin Tampere, a kan mutanen da buƙatunsu suka fi tsanani, saboda haka bai kamata a ɗauke shi a matsayin abin da za a samu a kan kowa ba. Har ila yau rarar tana faɗawa ne a asusun asibiti da na 'yan sanda, ba a asusun sashen da ya biya kuɗin gini da albashin ma'aikata ba, kuma kafin a ga rarar sai an fara zuba jari mai nauyi, kamar yadda aka samar da gidaje kimanin 3,500 tsakanin 2008 da 2015. Ina ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma na fi son a kare hidimar da hujjar da ke cikin sashe na 19 na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ɗora wa hukuma nauyin taimaka wa kowa ya samu muhalli, domin duk ranar da wani lissafi ya nuna babu rara, wanda ya dogara ga hujjar rara kaɗai ba shi da abin faɗa.

Raunin farko yana bakin shiga. Gida ba ya samuwa ranar da aka nema. Wanda ya rasa wurin kwana a Helsinki yakan fara ne daga cibiyar da ke titin Hietaniemenkatu, wadda aka buɗe a 2009, inda ake samun gadon gaggawa, da abinci, da wurin wanka, da ma'aikatan lafiya da na walwala. Daga nan ake tantance buƙatarsa a sanya shi a jerin masu jira, kuma jiran gidan da ke da tallafi yakan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. A wannan tsakani mutum yana zaune ne a wurin wucin gadi, wato irin zaman da aka ce an kawar. Hidimar da alkawarinta shi ne gida tun farko, idan ta sa mutum jiran shekara, to a wannan shekarar ba ta cika alkawarin ba, kuma watannin jira su ne lokacin da lafiya take ƙara taɓarɓarewa, bashi yake ƙaruwa, wasu ma su ɓace wa ma'aikata gaba ɗaya. Zan so birnin ya riƙa bayyana tsawon jiran da irin muhimmancin da yake bayyana raguwar adadin marasa muhalli.

Manyan cibiyoyin zama ma abin dubawa ne. Masu bin tsarin New York sau da ƙafa sun soki Finland da cewa tara mutum tamanin ko ɗari masu matsaloli iri ɗaya a bene guda ya yi kama da farfaɗo da tsohon masauki da sabon fenti. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Wanda yake son ya rabu da ƙwaya zai sha wuya idan mai sayar da ita yana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa, matan da suka tsere wa cin zarafi kuma ba koyaushe suke samun kwanciyar hankali a benen da maza suka fi yawa ba. Maƙwabtan wasu cibiyoyin sun yi ta koke a kan hayaniya da ƙazanta, lamarin da ya sa aka ɓullo da aikin kula da unguwa, inda ma'aikata da mazauna cibiyar suke zagayawa suna tsaftace kewaye suna sauraren ƙorafi. Duk da haka ba na goyon bayan a yi watsi da cibiyoyin, domin akwai mutanen da idan aka ajiye su su kaɗai a wani bene mai nisa za su rasa gidan cikin ɗan lokaci, kuma kasancewar ma'aikaci a ƙasan bene da ƙarfe uku na dare ya sha ceton rai. Abin da ya fi dacewa shi ne cibiyoyin su zama ƙanana, kuma hanyar fita daga cibiya zuwa gida mai zaman kansa ta kasance a buɗe ga duk wanda ya shirya, domin hakan ne ma zai samar da gurbi ga masu jira.

Rauni na biyu yana bayan ƙofa. Gida yana magance rashin gida, amma bai warkar da jarabar ƙwaya ko larurar ƙwaƙwalwa da kansa. Babban gwajin da aka yi a birane biyar na Kanada daga 2009 zuwa 2013, da mahalarta kimanin 2,000, ya nuna cewa waɗanda aka ba gida tun farko sun fi takwarorinsu daɗewa a muhalli nesa ba kusa ba, amma a fannin shaye-shaye da alamomin larurar ƙwaƙwalwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Finland kanta tana fama da mace-macen ƙwaya, waɗanda suka haura 300 a 2023, da yawansu matasa. Ma'aikacin tallafi zai iya raka ɗan haya har ƙofar asibiti, amma idan samun gurbin jinya yana da wuya, iyakar abin da zai iya ke nan. Ga kuma kaɗaici. Mutumin da duk abokansa na titi ne, idan ya tare a gida yakan samu kansa tsakanin zaɓi biyu masu ɗaci, ko ya yanke hulɗa da su ya zauna shiru, ko ya buɗe musu ƙofa su jawo masa koken maƙwabta. Cibiyoyi da dama suna da ƙananan ayyukan hannu da ake biyan ɗan ihsani a kansu, kuma suna taimakawa wajen ba yini fasali, amma kaɗan ne daga cikin mazaunan suke kaiwa ga aikin albashi.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda ake sauraren waɗanda suka ɗanɗana rashin muhalli da kansu. Ƙungiyar Vailla vakinaista asuntoa, wadda marasa muhalli suka kafa a 1986, tana da wuraren hutawa na rana da na dare, tana fita neman mutane a inda suke kwana, kuma ana ɗaukar waɗanda suka taɓa zama a titi aikin jagorantar 'yan uwansu da bayar da shawara wajen tsara hidima. Kowace ranar 17 ga Oktoba ana gudanar da Daren Marasa Muhalli a biranen ƙasar, wanda ke hana batun ɓacewa daga idon jama'a.

Akwai kuma waɗanda hidimar ba ta rufe su ba sam. Tana aiki ne ga wanda yake da rajistar zama a birnin da haƙƙin cin moriyar tallafin ƙasar. Baƙin da ba su da takardun zama, da 'yan wasu ƙasashen Tarayyar Turai da ke zuwa neman abin kai wa baka, waɗanda da yawansu 'yan ƙabilar Roma ne daga Romaniya da Bulgeriya, abin da suke samu shi ne gadon gaggawa da cibiyar yini irin ta Hirundo, ba yarjejeniyar haya ba, kuma ba sa cikin ƙidayar da ake yi kowace ranar 15 ga Nuwamba. Duk wanda zai ce Helsinki ta kusa kawar da rashin muhalli ya kamata ya ƙara da cewa a tsakanin waɗanda doka ta ƙirga.

Sashen da ya fi kowanne arha, kuma aka fi mantawa da shi wajen yabo, shi ne na masu ba 'yan haya shawara. Aikinsu shi ne su shiga tsakani tun bashin haya bai yi yawa ba, su zauna da ɗan haya da mai gida a tsara yadda za a biya, su gano ko akwai tallafin da mutum ya cancanta bai nema ba, su dakatar da ƙarar tashi kafin ta kai kotu. A Finland wanda aka tasa saboda bashi sunansa yakan shiga rajistar masu matsalar biyan kuɗi, kuma daga nan samun wani gidan haya a kasuwa yakan yi masa wuya ƙwarai, don haka hana kora guda ɗaya ya fi sauƙi nesa da nemo wa wanda aka kora sabon gida.

Wannan sashe ne yake shan matsi yanzu. Gwamnatin Petteri Orpo da ta hau mulki a 2023 ta ci gaba da riƙe burin kawar da dogon zama babu muhalli zuwa 2027, amma daga Afrilun 2024 ta rage tallafin haya na Kela daga kashi 80 zuwa kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da aka amince da shi, ta sauko da iyakar hayar da ake lissafawa a Helsinki zuwa daidai da ta garuruwan da ke kewaye, ta kuma tsananta ƙa'idar kuɗin gida a tallafin masu ƙaramin ƙarfi, ta yadda ake umartar mutum ya nemi gida mafi arha a garin da irin wannan gida yake da wuyar samu. Ƙidayar ƙarshen 2024 ta nuna marasa muhalli da ke zaune su kaɗai sun ƙaru zuwa 3,806, karo na farko da adadin ya hau cikin fiye da shekaru goma, kuma tun daga nan ya bayyana cewa burin da Helsinki ta sanya wa kanta na kawar da matsalar zuwa 2025 ba zai cika ba. Ba na ɗora wa ragin tallafin dukkan laifin, domin tsadar rayuwa da yaɗuwar sababbin ƙwayoyi ma suna da hannu, amma riƙe buri da hannu ɗaya ana janye tallafin haya da ɗayan tufka da warwara ne. A 2025 an rushe hukumar ARA aka mayar da ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, gwamnati kuma tana rage tallafin gina gidajen haya masu rahusa. Tun da bene yakan ɗauki shekaru daga ranar da aka amince da shi zuwa ranar da za a tare a ciki, illar wannan ragin za ta bayyana ne a tsawon jerin masu jira na shekaru masu zuwa, kuma abin da ya rage a hannun birnin shi ne filayensa, da kamfanin Heka, da yawan masu ba 'yan haya shawara da zai iya ɗauka daga kasafin kuɗinsa.